Sharhi: Ciwon Ciki, Na'urar Leƙa Tumbi Da Lafiyar Jama'ar Kudancin Kano

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, mahaɗar da motocin Tudun Wada da Doguwa da Saminaka da Jos suke rabuwa da babban titi su nufi dajin Falgore. A nan manoman Ƙiru da Bebeji suke sauke amfanin gona, a nan kuma direbobi da 'yan dako suke tsayawa su ci abinci su sayi magani. Idan mutum ya ɗan zauna a bakin kemis, ko kusa da masu tallar magani a faranti, ba zai daɗe ba sai ya ga wani ya zo yana dafe da ƙahon zuci yana cewa a ba shi maganin olsa. Ba a tambayarsa wane likita ne ya duba shi, shi ma ba ya tsammanin a tambaye shi. A ƙulla masa ƙwayoyi a leda, ya biya, ya hau mota.

Kalmar olsa, wato gyambon ciki, ta zama tamkar buhun da muke zuba kowane irin ciwo da ya taso tsakanin ƙirji da cibiya. Mai ƙwarnafi olsa gare shi, mai kumburin ciki olsa gare shi, haka nan wanda hantarsa ta fara lalacewa da wanda ciwon daji ya fara ci masa tumbi. A sharhinmu na wannan karo za mu duba abin da binciken likitoci ya gano game da cututtukan ciki a ƙasar nan, da irin rawar da na'urar leƙa ciki take takawa, da kuma dalilin da ya sa muke ganin al'ummar ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna da haƙƙi a cikin wannan bincike, suna kuma da nauyin da ya rataya a wuyansu.

Abin da bincike ya gano game da gyambon ciki

Shekaru masu yawa likitocin duniya sun ɗauka cewa damuwa da yunwa da cin yaji su ne suke haddasa gyambon ciki, kuma har yau a kan wannan fahimta akasarin jama'armu suke. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta da ke iya rayuwa a cikin tumbin ɗan Adam duk da tsamin ruwan da ke cikinsa. Ita ce ake kira Helicobacter pylori, ko Helikobakta a taƙaice. Da takwarorinsu suka ƙi amincewa, sai Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, ya kamu da kumburin tumbi, ya kuma nuna wa duniya. A 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙwaya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, sannan a 2005 aka ba mutanen biyu lambar yabo ta Nobel.

Wannan ƙwaya ba baƙuwarmu ba ce. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara rahotannin ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 88 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ita, adadin da ya fi na kowace ƙasa a cikin nazarin. A nan gida, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, cikinsu har da Farfesa Musa Borodo, sun wallafa rahoto a 2018 kan majiyyata 306 da aka leƙa cikinsu saboda ciwon ƙahon zuci, inda aka sami ƙwayar a jikin fiye da kashi 81 cikin ɗari. Rahoton ya danganta yawan kamuwa da ita da shan ruwa marar tsabta, da cunkoso a gida, da ƙarancin abin hannu, da shan taba.

Ya kamata a fahimci waɗannan alƙaluma yadda suke, domin kada su zama abin firgita jama'a. Galibi tun ana yara ake ɗaukar ƙwayar, ta baki, kuma mafi yawan masu ɗauke da ita za su rayu har tsufa ba tare da ta dame su ba. Kimanin mutum ɗaya cikin goma ne take yi wa gyambo, kaɗan daga ciki kuma take kai su ga ciwon dajin tumbi bayan shekaru masu yawa. Albishir ɗin da ke cikin wannan bincike shi ne, gyambon da Helikobakta ta haddasa yana warkewa gaba ɗaya idan aka sha haɗin maganin da ya dace na tsawon mako biyu. Ke nan mutumin da ya shekara goma yana shan farin ruwan maganin olsa yana kashe kuɗinsa ne a kan lallashin ciwon da likita zai iya raba shi da shi.

Yadda ake leƙa ciki

Hausawa kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma lalle ciki yana da ɓoye sirri, har da sirrin cuta. Likita zai iya danna ciki, ya saurari bayanin majiyyaci, ya yi hasashe, amma ganin gyambo ko ƙari da ido sai da na'ura. Tun a 1868 wani likitan Jamus mai suna Adolf Kussmaul ya gwada zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe a cikin wani mai wasan haɗiye takobi. Sai a 1957 Basil Hirschowitz, a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya fito da bututu mai lanƙwasuwa, wanda ya fara gwadawa a kan kansa. Daga nan aka samo na'urar da ake kira endoskof, wadda a yau take ɗauke da fitila da 'yar kyamara a bakinta, tana nuna hoton cikin mutum a allo.

Aikin ba tiyata ba ne, kuma ba a yanka kowa. Majiyyaci zai ƙaurace wa abinci na kimanin awa shida zuwa takwas, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a yi masa allurar da za ta kwantar masa da hankali, sannan a zura bututun da kaurinsa bai wuce na yatsa ba ta baki zuwa tumbi da farkon hanji. Galibi cikin minti goma zuwa goma sha biyar an gama. Da wannan na'ura likita yake ɗan tsinko tsoka kamar ƙwayar gero a kai ɗakin gwaji, da ita yake ɗaure jijiyar da ke zubar da jini, da ita kuma yake ciro kwabo ko wani abu da yaro ya haɗiye. Akwai irinta mai tsawo da ake bi da ita ta dubura domin duba babban hanji, bayan an sha maganin wanke ciki.

Arewacin ƙasar nan ya daɗe da sanin wannan aiki. Tun a 1990 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa rahoton abin da suka gani a cikin majiyyatan Zariya, kuma cikin marubutan akwai Farfesa Sadiq Wali, wanda ya taɓa shugabantar Asibitin Malam Aminu Kano. Sai dai har yanzu galibin wuraren da ake yin aikin suna cikin manyan birane ne, a asibitocin koyarwa da na ƙwararru da wasu masu zaman kansu. Mu ɗauki misalin manomi daga Riruwai. Kafin ya ga wannan na'ura sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya iso Kwanar Dangora, sannan ya zaɓi ko dai ya nufi Kano ko Zariya. Zai biya kuɗin motar kansa da ta mai rakiya, ya nemi wurin kwana, ya jira ranar da aka ba shi, ya biya kuɗin aikin, ya sake komowa karɓar sakamakon gwajin tsoka. Idan damina ce, gonarsa tana can tana jiransa. Don haka ba abin mamaki ba ne idan ya tsaya a mahaɗa ya sayi ƙwayoyin leda ya juya gida.

Wanda ba a duba ba, ba a ƙirga shi ba

A nan ne matsalar nisa take shafar bincike kansa. A 1992 wani likita ɗan Ingila da ya yi aiki a Maiduguri, Chris Holcombe, ya yi wani rubutu da ya shahara, inda ya nuna mamakin yadda kusan kowa a Afirka yake ɗauke da Helikobakta amma rahotannin gyambo da ciwon dajin tumbi ba su da yawa. Aka riƙa kiran abin da sunan abin al'ajabin Afirka, masana suka yi ta kawo dalilai, wasu suka ce nau'in abinci ne, wasu suka ce tsutsar ciki ce take sauya yadda jiki yake tunkarar ƙwayar. A 2005 wasu masana suka sake nazarin rahotannin da aka samu daga wuraren da aka leƙa cikin mutane da na'ura a nahiyar, suka ce gyambon yana nan da yawa kamar yadda yake a sauran sassan duniya, abin da ya yi ƙaranci shi ne dubawa da rubutawa.

Wannan muhawara darasi ce gare mu kai tsaye. Alƙaluman da muke da su game da cututtukan ciki a Jihar Kano daga asibitocin birni suka fito, wato daga mutanen da suka sami halin isa can. Dattijon da ya rame ya rasu a wani ƙauye na Doguwa, aka ce olsa ce ko sammu, bai shiga rajistar kowa ba. Matar da ta yi aman jini a gefen Tiga, aka kai ta asibitin kusa aka ƙara mata jini ta koma gida, ba a san abin da ya fashe a cikinta ba. Da alƙaluma hukuma take tsara kasafi, da su take yanke shawarar inda za a kai likita da kayan aiki. Yankin da ba ya cikin lissafi yakan zo a ƙarshe wajen rabo, ko da kuwa babu wanda ya yi nufin ware shi.

Aman jini, hanta da ruwan Tiga

Da yawa daga cikinmu idan muka ga mutum ya yi aman jini sai mu ce olsarsa ce ta fashe. Rahotannin asibitocin koyarwa na Arewa, musamman na Maiduguri da Kano, sun nuna cewa kumburin jijiyoyin da ke ƙasan hanyar abinci yana cikin manyan dalilan aman jini a wannan yanki. Asalin wannan kumburi daga hanta yake. Idan hanta ta ƙandare, jinin da ke fitowa daga hanji yakan rasa hanyar wucewa ta cikinta, sai ya koma ta ƙananan jijiyoyi, su cika su kumbura, wata rana ɗaya ta fashe. Maganin olsa ba ya yi wa irin wannan komai. Abin da yake ceton rai shi ne a gaggauta kai majiyyaci asibiti, a ƙara masa jini, a ɗaure jijiyar da na'ura, sannan a nemi abin da ya lalata hantar.

Abubuwa uku ne suka fi shafar yankinmu a wannan fuska. Na farko shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, kuma akasarinsu ba su sani ba. Jaririn da ya ɗauka daga mahaifiyarsa lokacin haihuwa shi ya fi shiga haɗari, domin kusan tara cikin goma na irin waɗannan jarirai cutar takan zauna a jikinsu har girma. Ana kuma ɗaukarta ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani amfani da ita, abin da ya shafi sana'ar wanzamai da masu yankan farce. Tun 2004 Nijeriya ta sanya rigakafin wannan cuta cikin alluran yara na kyauta, kuma allurar farko ta fi amfani idan aka yi ta cikin awa 24 da haihuwa. A ƙauyukan da mata suka fi haihuwa a gida, kuma ba a fita da jariri sai bayan suna, wannan dama takan wuce.

Na biyu shi ne tsargiya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, alheri ce babba, domin da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da shi kuma masunta suke cin abinci. Sai dai ruwan da ke kwance a tafki da magudanan ban-ruwa matattara ce ta ƙananan katantanwa waɗanda tsutsar tsargiya take girma a jikinsu. Mun fi sanin tsargiyar da ke sa fitsarin jini, wadda wasu ma suke ɗauka alamar balaga ce ga yaro. Akwai kuma nau'in da ke zama a jijiyoyin hanji, wanda ƙwansa yake taruwa a hanta ya toshe hanyar jini, saifa ta kumbura, bayan shekaru a wayi gari da aman jini. Maganinta, firazikwantel, shi ne wanda ake rabawa kyauta a makarantu lokaci-lokaci.

Na uku shi ne gubar afalatoksin, wadda fumfuna take haifarwa a jikin masara da gyaɗa idan ba su bushe sosai ba ko aka adana su a wuri mai laima. Doguwa da Tudun Wada sun fi yawancin sassan jihar samun ruwan sama, kuma sun yi suna wajen noman masara, saboda haka batun ya shafe su sosai. Bincike ya tabbatar da cewa wannan guba tana jawo ciwon dajin hanta, kuma haɗarin yakan ninka sau da yawa ga wanda yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Abin takaici shi ne, sau da yawa mai kyau ake kai wa kasuwa, a bar wanda ya yi fumfuna a gida domin tuwo da ƙuli-ƙuli.

Shan magani barkatai

Bayan Helikobakta, babu abin da yake haddasa gyambon ciki kamar magungunan kashe ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak. Manomi ya wuni yana huɗa, ɗan dako ya wuni yana loda buhuna, direba ya kwana a hanya, kowannensu da yamma sai ya nemi abin da ake kira maganin gajiya, wanda sau da yawa haɗi ne na biyu ko uku daga cikin waɗannan ƙwayoyi, a sha su kuma ba a ci komai ba. Suna cinye rigar da take kare bangon tumbi, har ta kai ga zubar jini ko hujewa. Mutum zai iya shan maganin olsa da safe, da yamma kuma ya sha abin da yake ƙara buɗe gyambon, bai sani ba.

Matsala ta biyu ita ce bijirewar ƙwayar cuta ga magani. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan samfurin Helikobakta da aka ɗebo daga majiyyata a Nijeriya ya gano cewa kusan dukkansu ba sa jin metronidazol, wato maganin da muka fi sani da Flagyl, wanda muke sha da kanmu a duk lokacin da ciki ya murɗa. Wannan ne ya sa masanan nahiyar suka haɗu suka fitar da matsayar Legas, wadda aka wallafa a 2024, domin tsara yadda ya kamata a riƙa gano ƙwayar da magance ta bisa yanayin Afirka. Har ila yau, gwajin jini da ake yawan yi a ƙananan ɗakunan gwaji yana nuna cewa mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, ba ya bambance wanda ya warke da wanda yake ɗauke da ita yanzu. Gwajin bayan gida ko na numfashi shi ne yake nuna haka, kuma da shi ake tabbatar da warkewa bayan aƙalla mako huɗu da gama shan magani.

Mayar da dillalan magunguna daga Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina a Dangwauro, wanda aka aiwatar a 2024, mataki ne na tsabtace tushen da magani yake fitowa. Amma tsabtar tushe ba za ta wadatar ba matuƙar a kasuwannin ƙauye da tashoshin mota ana ci gaba da shanya magani a rana, ana kuma sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ƙwaya biyu-biyu kamar goro.

Basir da ciwon dajin hanji

Yadda olsa ta zama sunan kowane ciwon sama, haka basir ya zama sunan kowane ciwon ƙasa. Duk wanda ya ga jini a bayan gida sai ya nemi mai maganin basir, kuma kunya takan hana a gaya wa ko da na kusa. Gaskiya ne mafi yawan irin wannan jini daga basir ɗin yake. Sai dai wata ƙungiyar masu bincike da ke da cibiya a Ile-Ife ta duba babban hanjin mutane 362 masu shekara 45 zuwa sama waɗanda suke zubar da jini ta dubura, ta sami ciwon daji a jikin kusan ɗaya cikin biyar, kamar yadda ta wallafa a 2018. Wannan ciwo yana cikin waɗanda ake iya warkarwa da tiyata idan an gano su da wuri.

Ƙungiyar ta sake yin wani bincike a jihohin Osun da Kwara da Legas, wanda aka wallafa a 2022, inda aka gwada bayan gidan mutane fiye da 2,000 masu lafiya da irin gwajin da ake amfani da shi a Turai. Kusan ɗaya cikin biyar gwajin ya nuna alamar jini, amma da aka leƙa hanjinsu 'yan ƙalilan ne aka samu da ciwon daji. Ma'ana, tsarin da ya yi aiki a wata ƙasa ba dole ne ya dace da tamu ba sai an gwada shi a kanmu. Idan haka ta faru a waɗannan jihohi, yaya sakamakon zai kasance a yankin da tsargiya da atuni suke sa jini a bayan gida? Amsar wannan tambaya sai an zo an bincika a nan.

Bincike da amanar jama'a

Ba za mu yi maganar binciken likitoci a Kano ba tare da tuna abin da ya faru a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a Asibitin Zana. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya razana. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa zargin da ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004.

Daga bisani ƙasar nan ta kafa kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, ta fitar da kundin ƙa'idoji a 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi. Bisa waɗannan ƙa'idoji, duk mai bincike sai ya sami takardar amincewar kwamitin ɗa'a, sai ya yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, sai mutum ya yarda da kansa, kuma yana da ikon ƙi ko janyewa a kowane lokaci ba tare da an hana shi magani ba. Hakimi ko dagaci ko shugaban ƙaramar hukuma yana da ikon neman ganin wannan takarda kafin ya buɗe wa baƙi ƙofar garinsa, sai dai izininsa ba ya maye gurbin yardar wanda za a ɗebi jininsa. Haka kuma ya dace a sharɗanta cewa masu binciken za su komo su faɗa wa jama'a abin da suka gano, su kuma nuna wa wanda aka samu da cuta inda zai sami magani.

Abin da ya rage gare mu

Ga jama'a, akwai alamomin da bai kamata a tsaya a kemis da su ba: aman jini, baƙin bayan gida mai kama da kwalta, wahalar haɗiye abinci, rama ba dalili, amai da ya ƙi tsayawa, ɗashewar ido da tafin hannu, ƙullutu ko ruwa a ciki, shawara, da ciwon ciki da ya fara sabo ga wanda ya haura shekara 45. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nufi asibiti, ya kuma nemi a tura shi gaba idan bukata ta kama. Masu gyambo da ke shirin azumin watan Ramalana su ga likita tun a Sha'aban. A kai jariri allurar hanta ranar da aka haife shi, a bar yara su sha maganin tsargiya idan an kawo makaranta, a busar da masara da gyaɗa a kan tamfol ko daɓe, a zubar da wanda ya yi fumfuna, kowa kuma ya je wurin wanzami da rezarsa.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an lafiya, aiki mafi sauƙi kuma mafi arha shi ne rubutu. Idan kowane asibiti daga Bebeji zuwa Doguwa zai riƙa rubuta duk wanda ya zo da aman jini ko shawara ko kumburin ciki, da garinsu da sana'arsa da yadda aka ƙare, cikin shekara biyu za a sami hujjar da za a ajiye a gaban Ma'aikatar Lafiya da Majalisar Dokoki. Bayan haka akwai horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamomin da muka lissafa, da gyara rijiyoyin burtsatse da suka lalace, da sa ido a kan masu tallar magani tare da haɗin gwiwar ƙungiyar masu kemis da sarakunan kasuwa. Ya kamata kuma a wayar da kan jama'a su shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, wanda aka kafa hukumarsa ta KSCHMA da dokar 2016, a fayyace musu abin da tsarin yake biya da yadda ake tura majiyyaci zuwa babban asibiti.

Dangane da na'urar kanta, muna ganin lokaci ya yi da za a yi tunanin samar da cibiyar leƙa ciki guda ɗaya a wani babban asibiti na wannan shiyya, wadda ƙwararru daga Kano za su riƙa ziyarta a ranakun da aka tsayar, suna aiki suna koyar da likitocin wurin. Sai dai a yi hattara, domin sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Tana bukatar wuta tsayayya, da ruwa mai tsabta, da ma'aikatan jinya da suka ƙware wajen wanke ta da sinadari bayan kowane majiyyaci, domin idan ba a wanke ta yadda ya kamata ba ita ma za ta iya yaɗa cuta. Tana bukatar ma'ajiyar jini a kusa, da hanyar aika tsoka ɗakin gwaji a dawo da sakamako, da kuɗin gyara da aka ware tun farko. Idan ba a tanadi waɗannan ba, za a yi bikin buɗewa ne kawai, bayan wata shida a lulluɓe na'urar da zane.

Yankin da yake ciyar da jihar nan da masara da shinkafa, yake kuma shayar da gonakin ranin Kadawa da ruwan Tiga, ya cancanci a san cututtukan da suke damun mutanensa, a ƙirga su, a yi musu tanadi. Likitocinmu sun fara aikin a birni, saura ya ƙetaro Kwanar Dangora, kuma hakan zai fi sauri idan shugabannin yankin ne suka nema da hujja a hannunsu. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.